Haruffan da Idon Mama Dinah Zai Gani

Idan ka shiga Kafanchan ka tambayi Asibi Gershon, da wuya a gane wadda kake nufi. Amma ka ce Asibi Gyara, ko mai sayar da citta a bakin kasuwa za ta nuna maka layin da maɗaba'ar Alhaji Badruddeen take. Nan Asibi take zaune shekara ashirin da ɗoriya, a gaban kwamfuta, tana shirya katin biki, kalandar coci, furogiram ɗin jana'iza, da fastar 'yan siyasa idan kakarsu ta zagayo. Ba ita take buga takardun ba, wannan aikin Alhaji ne da injinsa. Nata shi ne ta san inda kowane harafi zai zauna, girmansa, launinsa, da filin da za a bar masa ya sha iska.

Sunan Gyara kuwa ba a banza ta same shi ba. Mace ce da ba ta iya wuce rubutu marar kyau ta yi shiru. Ta taɓa sa ɗan acaba ya tsaya a tsakiyar hanya don kawai ta faɗa wa wani tela cewa jan fenti a kan koren allo ba ya karantuwa daga titi. Telan bai tambaye ta ba, bai kuma gode ba, amma bayan sati biyu ya sake allon. Mijinta Jason, malamin firamare, ya ce ya daina zama kusa da ita a wurin biki, domin kowa yana kallon amarya, ita tana juya katin gayyata tana tsaki.

A Manchok aka haife ta, ran Asabar, shi ne dalilin sunan. Mahaifinta Gershon ma'aikacin reluwe ne a Kafanchan. Duk ƙarshen mako yakan dawo gida da burodi a naɗe cikin tsofaffin takardun ofis. 'Yan'uwanta su yi wa burodin caa, ita ta kwashe takardun ta koma bayan ɗaki, tana kwaikwayon haruffan da gawayi a jikin bango. Ta sha duka a kan bangon nan, ba ta daina ba.

Mai dukan kuwa ita ce Mama Dinah, uwarta. Manomiyar acca da citta ce, ba ta taɓa shiga aji ba sai ajin manya na coci, inda ta koyi karatu da Littafi Mai Tsarki na Hausa. Amma Allah ya ba ta waƙa. Tana cikin noma waƙa za ta zo mata, ta dawo gida ta rubuta a littafin makaranta da biro, ran Alhamis ta koya wa Zumuntar Mata ta cocinsu. Kafin wata ya ƙare za ka ji ana rera ta a Kagoro, a Zangon Kataf, da kiɗan tulu da caki, har wasu su rantse cewa waƙar kakanninsu ce. Waƙoƙinta sun haura saba'in. Shekara talatin ita ce mai bayarwa, sauran mata suna amsawa.

Da Asibi ta gama sakandare ta koyi bugun tafireta, ta zo neman aiki wajen Alhaji Badruddeen. Shi ɗan tsohon gidan 'yan kasuwa ne na garin, ya gaji maɗaba'ar daga mahaifinsa. Bai tambaye ta takardar shaida ba. Wani katin ɗaurin aure ya miƙa mata ya ce ta nemo kuskure uku. Ta nemo huɗu. Alhaji ya karɓi katin ya daɗe yana kallo, sannan ya ce ta zo ran Litinin.

A wurinsa ta koyi abin da ba a koyarwa a makarantar tafireta. Har yau yana da wata durowa cike da haruffan dalma na zamanin mahaifinsa, waɗanda ake jerawa ɗaya bayan ɗaya da hannu. Wata rana ya zaro uku ya ɗora mata a tafin hannu: ɓ, ɗ, da ƙ, masu ƙugiya a ka. Ita kuwa, kamar yawancin mutanen ƙasarsu da Hausa ta zo musu a kan harshen gida, ba ta bambanta da da ɗa a baki, balle a rubutu.

"Alhaji, ai duk ɗaya ne," in ji ta. "Mutane za su gane."

"Bakinki naki ne, Asibi, ki faɗa yadda kika ga dama," ya ce. "In ba a gane ba ki maimaita. Amma takarda ba ta da baki. Ba za ta iya cewa ba haka nake nufi ba."

Wannan magana ta zauna mata. Daga tafireta suka koma kwamfuta, Alhaji ya tsufa, Asibi ta haifi uku, ta zama ita ce ake zuwa nema daga Jere har Manchok. Sai dai mai aiki da hannu ba kullum yake yin abin da ransa yake so ba. Mai kati ya ce a sa fure a kowace kusurwa, a sa. Ya ce a yi rubutu launi bakwai, ta yi gardama, ta sha kaye, a yi.

Ana nan yanar ido ta kama Mama Dinah. Aka yi mata aiki a ido ɗaya, aka ba ta tabarau mai kauri. Tana ganin hanya, tana gane fuska, amma ƙananan rubutu sun zama mata kamar tururuwa. Ga shi shekaru sun ja, baitoci sun fara cakuɗe mata a ka, na wannan waƙa ya shiga waccan. In dai da takarda a hannu ba ta da matsala, kallo ɗaya take yi wa farkon layi sauran ya zubo. Matsalar ita ce takardar.

Shekara uku da suka wuce aka yi jana'izar wani dattijon ikilisiya. Iyalinsa suka ce a buga waƙar Mama Dinah a furogiram, a kan hoton marigayin, da fararen haruffa sirara. Asibi ce ta shirya. Ta ce musu ba zai karantu ba, suka ce haka ake yi a Abuja, ta ƙyale su. A bakin kabari aka kira Mama Dinah ta bayar da waƙar. Ta tsaya a gaban jama'a, ta kawo takardar kusa da hanci, ta nisantar da ita, ta karkata ta wajen rana. Masu tulu suna ta bugu suna jira. Daga ƙarshe ta miƙa wa matar da ke kusa da ita, ta koma can baya ta zauna. Asibi tana tsaye tana gani, ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige, domin hannunta ne ya yi wannan aika-aika.

"Ba laifinka ba ne, Asibi," Mama Dinah ta ce mata a hanyar gida, da irin Hausarta. "Idon ne ya gaji. Ni na gama da takarda."

Tun daga ranar ba ta ƙara tsayawa a gaba ba. Tana zuwa Zumunta, ta zauna a bencin baya, ta amsa waƙoƙinta a bakin wasu. Ba ta ƙara tsara sabuwa ba. Wannan abu ya fi komai ci wa Asibi rai, ta kuma ƙudurta a zuciyarta cewa sai uwarta ta sake karanta waƙarta da idonta, ko da wannan ne aikin ƙarshe da za ta yi a maɗaba'ar.

Dama ta samu a bana, da Zumuntar Mata ta gundumarsu ta cika shekara hamsin. Kwamiti ya yanke shawarar a tara waƙoƙin Mama Dinah a littafi ɗaya, a ƙaddamar ranar biki. Shugabar kwamitin ita ce Madam Hellen, tsohuwar hedimistires, mace mai tsari wadda ba a cika yi mata musu ba. Ta zo maɗaba'a da kanta, ta zaro wani samfuri daga jaka ta ajiye a teburin Asibi. A wani shago a Kaduna aka shirya mata shi. Takarda mai sheƙi ce, shafin gaba ɗaya ruwan shunayya, rubutun ruwan gwal, haruffan sirara masu lanƙwashe-lanƙwashe kamar zanen lalle. Waƙa biyu a shafi ɗaya, don a samu shafi ashirin na hotunan shugabanni da manyan baƙi.

"Irin wannan nake so," in ji Madam. "Goldin jubili ne, ba taron ƙauye ba."

Gaskiya abin yana da kyau, in dai a bango za a rataye shi. Asibi ta juya shi sau biyu, ta haɗiye tsakin da ya zo mata.

"Madam, waɗanda za su riƙe littafin nan tsofaffi ne. Ba za su gani ba."

"Sun haddace waƙoƙin ai. Littafin na tarihi ne." Madam ta gyara zama. "Ki ji, 'yata. Mata za su zo daga Kaduna da Jos da Abuja. Shekara nawa suna kallonmu kamar mu ne 'yan bayan dutse. Ina so su ɗauki littafin nan su san cewa mu ma mun san abu mai kyau. In ba za ki iya ba ki faɗa mini, in mayar musu Kaduna."

Asibi ta gane ciwon da ke bayan maganar, domin ita ma ta sha irin wannan kallo. Amma ta san in aikin ya koma Kaduna, waƙoƙin uwarta za su fito a littafin da uwarta ba za ta iya karanta ko layi ɗaya ba. Ta roƙi sati biyu. Madam ta ce ta ba ta, ba ƙari.

Abu na farko da ta yi ya sa Jason ya ɗauka ta fara taɓuwa. Ta samo wani tsohon tabarau, ta shafa masa basilin sama-sama, ta sa a ido, ta zauna tana duba takardu. So take ta ga duniya yadda uwarta take ganinta. Da tabaran nan ta gano abubuwan da shekara ashirin ba su koya mata ba. Haruffa sirara ɓacewa suke yi. Masu kauri da yawa kuma cikinsu toshewa yake, a da o da e su zama abu ɗaya. Layuka in sun matsu, ido ya gama wannan ya rasa na gaba.

Sai ta buga baiti ɗaya a girma huɗu, daga lamba sha biyu zuwa sha takwas, a kan farar takarda da mai ruwan madara, ta hau bas ta tafi Manchok. Wajen uwarta ta fara zuwa. Mama Dinah tana tankaɗen acca, ko ɗaga kai ba ta yi ba.

"Na gaya maka na gama da takarda. Kar ka sa in ji kunya sau biyu."

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, taurin kan Asibi a nono ta sha shi. Ba ta yi musu ba, ta kwashi takardunta ta nufi gidan Mama Zipora, ƙawar uwarta, wadda aka yi musu aikin ido a wata ɗaya, nata idon ma ya fi rauni. Mama Zipora ba ta da kunyar kowa. Ta tara tsofaffi biyar a gindin mangwaro, suka mai da abin wasa. Asibi ta hana su zama. Ta ce su tashi tsaye, su riƙe takardar a hannu ɗaya, caki a ɗayan, su yi rawa kamar yadda suke yi a taro, domin ba a zaune a ofis za a karanta littafin ba. Farar takarda ta kashe musu ido a rana. Mai sheƙi ta fi muni, ga ƙyalli, ga mannewa a yatsa in gumi ya taɓa ta. Lamba sha huɗu ta yi wa uku, sha shida ta yi wa huɗu. Mama Zipora sai a sha takwas ta ce, "Yauwa! Yanzu ya buɗe baki."

A nan kuma Asibi ta lura da wani abu. Matan ba sa karanta layi har ƙarshe, farkonsa kawai suke kallo a daidai inda suke jan numfashi. Saboda haka ta zauna da littattafan biro na uwarta, tana rera kowace waƙa a hankali, tana karya layi a inda numfashi yake karyewa, ba a inda faɗin shafi ya ƙare ba. Abin da mai bayarwa take faɗa ta ajiye shi a bakin hagu. Amshi ta tura shi ciki kaɗan ta ƙara masa kauri, yadda ko daga nesa za ka san naka. Kowace waƙa ta fara a sabon shafi, kar a juya takarda a tsakiyar baiti. Launi ɗaya tak ta ƙara a kan baƙi, ja mai duhu irin na zoɓo, shi ma don lambar waƙa kawai, babba a saman kusurwa. Ta bar fili a gefe inda babban yatsa zai danne ba tare da ya rufe rubutu ba.

Da ta gama lissafin shafuka ta ga waƙoƙin sun cinye littafin duka. Hotunan Madam ba su da wurin zama sai shafi huɗu a ƙarshe. Ta san nan ne za a yi ta.

Ta kai wa Alhaji samfurin Kaduna don ya faɗa mata ko injinsa zai iya irin gwal ɗin. Ya sa tabarau ya bi layin farko da yatsa, ya tsaya, ya ɗago ya dube ta.

"Kin gani?"

"Na gani tun ranar farko, Alhaji. Gobe zan faɗa mata a gaban kwamiti."

"Kul," ya ce. "Babba ba a nuna masa kuskure a gaban mutane. Ajiye masa ake yi a inda zai gani da kansa."

Ran Alhamis da hantsi matan suka taru a filin coci don gwajin waƙoƙin biki. Mama Dinah ba ta zo ba, ta ce ƙafa tana damunta. Asibi ta durƙusa ta gai da Madam Hellen, ta roƙi izini a gwada samfuran biyu a waƙa ta farko. Aka raba kwafe-kwafen na Kaduna. Tulu ya ɗauka, matasa suka bi da ka, tsofaffi suka yi ta karkata takarda suna kare ta da inuwar hannu.

"Wannan rubutu ne ko kitso?" in ji Mama Zipora. Aka kwashe da dariya.

Ran Madam ya ɓaci. Ta karɓi takardar daga hannun wata, ta gyara tabarau, ta ɗaga murya don ta nuna musu cewa ƙyuya ce kawai take damunsu. "Yesu dan Allah, ka rike hannuna..." Sai ta tsaya. Ta koma farkon layin. Mace ce da ta yi shekara talatin da biyar tana riƙe da jan biro, idonta ba ya wuce irin wannan.

"Ina ƙugiyar?" ta ce. "Ɗan Allah ne a waƙar. Nan dan Allah suka rubuta, kamar muna roƙon direba ya tsaya mana a bakin titi!"

"Haruffan ne ba su da ita, Madam," Asibi ta ce a hankali. "Waɗanda suka zana su ba su san da ɗ ba, ba su san da ƙ ba. Kwamfuta in ta rasa harafi sai ta sa ɗan akwati a madadinsa, shi ne masu shagon suka cire ƙugiyar duka don ya yi kyau."

"Duka littafin?"

"Duk inda ta faɗo."

Madam ta sauke takardar. Asibi ta miƙa mata nata shafin, ta raba wa sauran. Baƙi ne a kan ruwan madara, ba fure, ba ado. Tulu ya sake ɗauka. Wannan karon ba wadda ta kare takarda da hannu. Mama Zipora ta riƙe tata can nesa da fuska, tana rawa tana bi, har da juyi. Gani ya kori ji, Madam ta tsaya tana kallonsu har aka kai ƙarshen waƙar.

"Ya yi kama da littafin 'yan aji ɗaya," ta ce daga baya, da ɗan sauran fushi.

"Haka ne, Madam. Amma bangon naki ne. Shunayya da gwal, yadda kike so, in yi miki shi yadda ko a Abuja sai sun juya shi sun duba wa ya yi. Cikin dai ki bar wa iyayenmu."

"Hotunan fa?"

"Shafi huɗu."

"Takwas."

"Shida, in na matse jawabin godiya."

Madam ta harare ta, sannan ta ce a matse jawabin Rabaran ma, dama ya cika tsawo.

Ranar bugu Alhaji bai bar kowa ya taɓa injin ba. Waƙoƙin ba na addininsa ba ne, bai kuma taɓa ɓoye hakan ba, amma ya ce ba za a ce a maɗaba'arsa aka yi baƙin da ya koma toka-toka ba. Sau uku yana zaro takarda ya fita da ita rana ya duba, ya dawo ya ƙara tawada. Asibi ta nace a ɗinke littafin da zare maimakon gam, don ya buɗe ya kwanta a tafin hannu ba ya rufe kansa. Kwafi na farko da ya bushe ta kai Manchok da kanta. Mama Dinah ta shafa bangon, ta ce gwal ɗin ya yi kyau, ta sa shi a jakar coci. Ba ta buɗe ba, Asibi kuma ba ta ce ta buɗe ba. Ta dawo Kafanchan da zuciya a cunkushe, domin duk gwajin da ta yi da idon wasu ta yi shi.

Ranar biki filin ya cika maƙil, mata cikin zane iri ɗaya har bakin hanya, rana kuwa ta buɗe sosai. Baƙin birni suka yi ta juya bangon suna yabawa, Madam Hellen tana ta amsa gaisuwa kamar ita ta haife shi. Asibi tana can gefen rumfa wajen kwalaye, tana miƙa littattafai, idonta yana kan bencin baya. Bayan addu'a da jawabai Madam ta karɓi lasifika ta ce ba wadda za ta buɗe littafin nan da waƙa sai mai waƙoƙin. Ba ta yi shawara da kowa ba.

Mama Dinah ta daɗe ba ta motsa ba. Mama Zipora ce ta zungure ta, ta ja ta har gaba. Ta tsaya, ta zaro littafin daga jaka, ta buɗe. Ta kawo shi kusa da fuska yadda ta saba, sai kuma ta mayar da shi baya kaɗan.

"Lamba arba'in da ɗaya," ta ce.

Waƙar Hannatu ce, matar da ta roƙi Allah ɗa. Tulu ya ɗauka, muryar ta fito, ta ɗan dushe amma tana nan. Baiti na ɗaya ya wuce, filin ya amsa. Na biyu ya wuce. Asibi ba ta yarda ta yi murna ba, domin mai yiwuwa da ka take yi, littafin riƙo ne kawai. A tsakiyar baiti na uku Mama Dinah ta tsaya cak. Masu tulu suka yi ta bugu, suka rage, suka daina. Ta kafe shafin da ido. Asibi ta saki littattafan da ke hannunta, ta fara kutsawa cikin mutane don ta je ta janye ta kafin abin ya yi muni.

"Asibi!" Muryar ta fito ta lasifika har bakin hanya. "Ina Asibi? Zo nan. Wa ya taɓa mini waƙa?"

"Mama, me ya faru?"

"Duba nan." Ta danna yatsa a tsakiyar layi. "Ni na ce Hannatu ya yi kuka, ya yi addu'a. Wa ya sa ta?"

Sai a lokacin Asibi ta tuna. A Hausar Mama Dinah, kamar ta tsofaffi da yawa a ƙasar, mace da namiji duk ya ne. Haka ta rubuta a littafin biro, haka ake rerawa. Asibi Gyara kuwa tana cikin bugawa hannunta ya ƙi, ta mai da shi ta, ba ta faɗa wa kowa ba. Harafi ɗaya ne a cikin kalma mai harafi biyu, a shafi na sittin da uku, kuma ba mai haddar da za ta san da shi sai wadda ta gani.

Filin ya ɗauki dariya, har baƙin birni. Asibi ta durƙusa a gaban uwarta, hawaye suna zuba, ita kanta ba ta san ko dariya take yi ko kuka ba. Tunda take ba a taɓa kama ta da laifi a takarda ta ji daɗi irin na ranar ba.

"Ni ce, Mama. Na yi laifi."

"Shekara talatin muna cewa ya, Allah yana ji, bai ce a gyara ba." Mama Dinah ta gyara tabarau, ta lashi yatsa ta juya shafi, ta leƙa na gaba. "Tashi ka ba ni wuri. In mun koma gida zan duba sauran, ɗaya-ɗaya."

Ta ɗaga wa masu tulu hannu, ta mai da yatsa farkon baitin, ta ɗauko shi daga inda ta tsaya.